Alkawarin Mama da Rumfar Dukawa

Ni mai in'ina ne, gara in faɗa tun yanzu, don mai karanta wannan ba zai gane ba. A takarda maganata gudu take ba tuntuɓe. Amma ka tare ni a hanya ka tambaye ni ina tashar mota take, sai ka gwammace da ka tambayi wani. To, ni ɗin nan ne mahaifiyata ta yi wa Ubangiji alkawarin zan zama mai wa'azi.

Ban ga laifinta ba. 'Ya'ya uku ta binne kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Da ta sami cikina sai ta durƙusa a majami'a ta ce, in wannan ya rayu, na Ubangiji ne, zai yi masa aiki. Na rayu, har na yi ƙiba. Babana ɗan sanda ne, mutumin ƙasar Zuru, aiki ya kawo shi Sakkwato muka zauna a Mabera. Ya rasu ina firamare, ya bar ni da Mama da tukunyar kunun zaƙin da take sayarwa a bakin wata makaranta. Duk wanda ya zauna kusa da ita minti goma sai ya ji labarin alkawarin nan. Matan zumuntar majami'armu tun ina da gajeren wando suke kirana ƙaramin fasto, ni kuwa in ji kamar in nutse.

Da na gama sakandare ta tattara ni ta tura makarantar Baibul. Karatu bai gagare ni ba, a jarrabawar rubutu ina cikin na gaba. Ranar gwajin wa'azi ce ta tona mini asiri. Aka ba kowa minti goma sha biyar. Na hau bagade, na buɗe baki zan ce "Ubangiji", harafin farko ya riƙe mini wuya ya ƙi saki. Na buga ƙafa, na runtse ido, gumi ya jiƙa mini riga. Da ƙyar na gama karanta aya biyu aka kaɗa ƙararrawa. Sau huɗu ana ba ni dama cikin shekara biyu, kowace ta fi ta baya muni. A ƙarshe shugaban makarantar ya kira ni ofis, ya yi ta zagaye-zagaye don kada ya ɓata mini rai. Na ce masa, a iya yadda bakina ya yarda, ya huta, na gane. Na ɗauki akwatina na dawo Mabera.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Za ka koma. Ubangiji da ya yi bakin ya san gyaransa." Daga ranar ta shiga azumin kowace Laraba saboda harshena.

Wata shida ina zaman kashe wando. Wata rana na bi ta Ƙofar Rini, takalmina ya tsinke. Na ja ƙafa zuwa wata rumfar dukawa, na tarar da wani tsoho zaune kan buzu yana yanka jar fata a kan katako. Ya ce in jira, hannunsa da aiki. Ni kuwa ba ni da haƙurin jira, halina ne tun ina yaro. Na ɗauki basilla da zare a gefensa na ɗinke abina. Zan tashi ya ce in miƙo takalmin. Ya juya shi, ya duba ɗinkin ta ciki, ya dube ni.

"Wa yak koya maka wanga?"

Na ce babu kowa, a makaranta ni nake gyara wa 'yan ajinmu takalma da jakunkuna.

"Hannunka ya hi bakinka hankali," in ji shi. "In kana so, taho gobe."

Da wani ne ya faɗa mini haka da mun yi rigima. Amma ban taɓa jin an yabi wani abu a jikina ba tare da an haɗa da "Allah sarki" ba. Washegari tun kafin ya buɗe rumfa ina tsaye a wurin.

Baba nake ce masa, kamar kowa a layin. Musulmi ne, dukanci ya gada kaka da kakanni. Tun ranar farko na gaya masa ni Kirista ne, ba na zuwa ran Lahadi, kuma ba zan ɗinka laya ba. Ya ce, "Awo, na jiya. Aikin hwata yawa garai, ba ka rasa na yi." Bai sake tayar da maganar ba. A wurinsa na koyi bambanta fatar akuya da ta tunkiya da ɗan yatsa kawai, na koyi yadda ake fito da ja daga karan dafi, da yadda ake fere bakin fata har ta yi laushin lanƙwasawa. Muna yin alaben ajiye kuɗi da kuben wuƙa da jakunkuna da takalma, amma abin da aka fi sanin Baba da shi bangon littattafan malamai ne da gafakarsu. Nan ya fi zaunar da ni, don ya ce ɗinkina ba ya karkacewa. In na riƙe basilla sai in manta ina da harshe. Yini guda zan yi ban yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba, saboda babu wanda yake bukatar in yi magana.

A gida kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Mama ba ta taɓa kiran sana'ar da sunanta ba. "Wurin nan da kake zuwa," haka take cewa. In na dawo sai ta ce in ajiye rigar a waje, warin jima yana tayar mata da zuciya. In wata ta tambaye ta ina ƙaramin fasto, sai ta ce yana ɗan hutawa kafin ya koma. Shekara uku ina hutawa! Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san tsoro ne ke cinta, ba raini ba. Ko ciwon kai na yi sai ta firgita, a ganinta wanda aka yi wa alkawari aka saɓa ya zo karɓar abinsa.

Cikin shekara ta huɗu Baba ya ce lokacin yaye ni ya yi. A wurinsa yaye ba wasa ba ne. Yakan tara dukawan layin, a raba goro da dabino, ya miƙa wa wanda ya koya wa basilla da wuƙa da almakashi da fata guda, daga ranar ya zama baduku mai cin gashin kansa. Amma yana da sharaɗi ɗaya da bai taɓa karyawa ba.

"Ba ni yaye ɗan kowa sai wanda yah haihe shi ya zo da ƙahwatai ya ce ya yarda, ya sa albarka. Sana'ad da babu albarkar iyaye wahala ta. Ka gaya ma innakka."

Kuma na san in Baba bai yaye ni ba, babu baduku a layin nan da zai matsa mini in kafa rumfa. Zan tsufa ina yaron wani.

Sai na yi dabara, ni mai wayo. Littafi Mai Tsarki na Mama, babba mai manyan haruffa, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da ƙyallen atamfa take ɗaure shi. Ta tafi gida ƙauye gaisuwar rasuwa na mako guda ta bar shi. Na ɗauke na kai rumfa. Na zaɓi fatar da ta fi kowace kyau, ja wur, na jera shafukan da suka zazzago, na ɗinke, na yi masa bango, na zana gicciye a fuskar da baƙin rini. Kwana biyar ina kansa. Dukawan layin suka yi ta karɓa hannu-hannu suna yabawa. Baba da kansa ya shafa ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Cikinmu duka babu wanda ya ga aibu.

Ta dawo ran Asabar, na miƙa mata da safiyar Lahadi muna shirin fita. Ta karɓa, ta shafa gicciyen, ta sa a jaka. Na ga alamar abin ya taɓa ta, na ce a raina an gama.

Bayan sujada na wuce gida, sai daga baya na ji yadda aka yi: matan zumunta suka zauna taronsu, aka ce Mama ta yi karatu daga farkon littafin, labarin halitta. Ta miƙe, ta ɗaga sabon bangon kowa ya gani, ta buɗe. Maimakon farkon duniya sai ta faɗa ƙarshenta, shafin rufewa ne ya tare ta. Ashe hannuna ya bi abin da ya saba. Shekara uku ina yi wa littattafan Larabci bango, waɗanda ake buɗewa daga dama, sai na ɗora fuskar bangon da gicciyen a bayan littafin Mama. Ta yi ta juya shi a hannu, mata suka fashe da dariya. Wata mai baki, wadda har yau in na gan ta sai na roƙi Ubangiji haƙuri, ta ce, "To, sun fara juya miki littafi, saura yaron."

Ina tsakar gida ta shigo. Ta ajiye littafin a gabana ta ce, "Ka ga abin da wurin nan ya mayar da kai? Ko maganar Allah ba ka san gabanta da bayanta ba."

Na ce kuskure ne, ta ba ni in gyara, aikin yini ɗaya ne. Ta ce hannuna ba zai sake taɓa shi ba. Nan zuciya ta ɗebe ni. Abin haushi, in na fusata in'inar takan sake ni, ranar kuwa ta sake ni sarai. Na ce, "Mama, ke kika yi alkawarin nan, ba ni ba. Ba a tambaye ni ba. Ki je ki cika abinki." Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ɗauki littafin ta shige ɗaki. Na yi nadama tun kafin labulen ya daina motsi, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kan da take da shi ni ma ina da shi. Kwana tara muna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Baba ya sa ranar yaye, Asabar ta sama. Na rasa inda zan sa kaina, sai na tafi unguwar Minanata wurin tsohon faston da ya yi mini baftisma. Ya daɗe da yin ritaya, yana kiwon kaji a bayan gida, ga barkwanci kamar ba malamin majami'a ba. Ya saurare ni har na gama, bai ƙarasa mini kalma ko ɗaya ba, abin da mutane kaɗan suke iyawa. Da na zo kan maganar da na gaya wa Mama sai ya ce, "Wannan kam ka yi rashin kunya, kuma za ka roƙi gafara a gabana. Ka ce mata ina kiranta jibi, ta zo da littafin."

Mama ba ta ƙin kiran Baba Fasto. Muka je, kowa ya hau nasa babur ɗin haya, kabu-kabu. Baba Fasto ya sa na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma fuskarta ba ta ce haka ba. Ya karɓi littafin, ya buɗe ta inda gicciye yake, ya yi dariya har da tari. Sannan ya kai shi kusa da idonsa yana bin ɗinkin da farce.

"Mama, me kika ce wa Ubangiji ranar nan? Faɗa mini yadda kika faɗa, kada ki ƙara gishiri."

"Na ce in ya rayu nasa ne, zai yi masa aiki."

"Kin ce wa'azi?"

"Baba, ai aikin Ubangiji kowa ya san shi."

"Kowa ya san shi? To bari mu gani."

Ya juya littafin, ya buɗe wurin labarin alfarwar sujada da mutanen Allah suka yi a jeji, ya ce ta karanta da kanta. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa. Wurin ya nuna yadda Ubangiji ya kira wani mutum da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi hikima da gwaninta, kuma aikin da aka cika shi dominsa shi ne sassaƙa da ƙira da zane. Baba Fasto ya ce ta lura, ba a ce mutumin ya taɓa hawa bagade ba. Ya sake buɗe mata wani wuri inda aka lissafa abin da za a rufe alfarwar da shi. Tana cikin karantawa ta tsaya cak. Fatun raguna ne, waɗanda aka rina ja.

"Ci gaba mana," in ji shi. Ba ta ci gaba ba.

"To ni in tambaye ki. Fatun nan daga sama suka faɗo a jeme? Wani ne ya tsaya cikin wari ya jeme su. Wani ya rina, wani ya zauna da basilla ya haɗa su. Ko matarsa ta ce ya ajiye riga a waje, ban sani ba. Amma ba don shi ba, da ɗakin Ubangiji ya kwana a buɗe. Ni na yi shekaru ina wa'azi, Mama, kuma ban taɓa iya ɗinke ko maɓallin rigata ba. Wanda ya ba ni baki shi ya ba yaron nan hannu. Ke kin ba da shi, kuma kina so ki zaɓa wa mai shi inda zai ajiye abinsa?"

Ni dai ina gefe ina kallonta. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta rungume ni, irin yadda ake yi a wasan kwaikwayon matasa. Ina! Ta rufe littafin, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Na ji, Baba. Amma waccan alfarwar Ubangiji ce. Shi wannan alaben 'yan kasuwa yake ɗinkawa."

"Ɗan kasuwar ba Allah ya yi shi ba? In ɗinkin ya riƙe, bai cuce shi da fatar tunkiya a matsayin ta akuya ba, wa aka girmama?"

Ta ce za ta yi addu'a a kai. Duk wanda ya san matan majami'armu ya san wannan amsar tana iya nufin kome. Muka dawo gida. Daren Juma'a na gaya mata gobe da hantsi ne, na kwatanta mata rumfar. Ta ce, "Na ji," ta ci gaba da tace gasararta.

Ran Asabar dukawa suka hallara, su goma sha wani abu, aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ga goro, ga dabino a faranti, ga kayan aikin da za a ba ni an naɗe cikin fata a gaban Baba. Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta take, irin ta Sakkwato da ke sa kwano ya yi ta ƙara. Aka ƙare hirar tsadar fata, aka koma ta ruwan bana, ita ma ta ƙare. Wasu suka fara leƙa rumfunansu. Ni ina zaune ina kallon bakin titi, duk mace mai kallabi da ta ɓullo sai in miƙe wuya. Wani daga cikin manyan ya matso ya ce wa Baba, tunda uwar ba ta hana ba, a yi kawai mana. Baba ya girgiza kai.

"Rashin hani ba yarda ba ne. In an kira azahar ba ta zo ba, mu watse. Ba ni son haƙƙin wata."

Ban ji haushinsa ba. Haushin Mama na ji, da na kaina, har na fara shirya maganganun da zan gaya mata waɗanda za su sa in sake durƙusawa a Minanata.

Saura kaɗan a yi kira sai ga Keke Napep ta tsaya. Ƙafar Mama na fara ganewa. Ta sauko sanye da anko na zumuntar mata, zane da riga da kallabi, wanda ba ta sawa sai ranar babban taro ko jana'izar wani babba. A cikin layin dukawan Ƙofar Rini! Kowa ya juyo yana kallo. Ta ce direban ne ya yi ta yawo da ita, ya kai ta wurin masu takalman roba. Ban yarda ba har yau, na fi zaton tana gida tana kokawa da zuciyarta, amma ban taɓa tambaya ba.

Baba ya miƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya sa aka kawo mata kujera. Suka gaisa. Ta ƙi zama, ta tsaya tana duban rumfar, fatun da ke rataye, da katakon da nake aiki a kai, wanda ya lotsa a tsakiya.

"Inna," in ji Baba, "ɗanki ya iya. Abin da ni sani na ba shi, wani abin ma ba ni nib ba shi ba, da shi yaz zo. Kin yarda in sallame shi ya ci da kainai?"

Sai ta juyo wurina. Ta ce mini, "Kai, zo nan. Miƙo hannunka."

Na durƙusa na miƙa duka biyu. Ta juya su, ta ga kanta, ta ga jan rinin da ya shige ƙarƙashin farce, da tabon wuƙa a babban yatsa. Rabon da ta riƙe hannuna tun ina ƙarami tana tsallakar da ni titi. Ta ɗaga su sama kamar yadda ake ɗaga baiko, wato sadakar masu sujada, a gaban majami'a, ta rufe ido, ta yi addu'a da ƙarfi, ba ta rage murya don kowa ba.

"Ubangiji, ka san ni, ka san taurin kaina. Na ce zan kawo maka shi, na yi ta jira ka gyara shi yadda nake so. Ka gafarta mini. Ga shi yadda ka yi shi. Na kawo maka abinka, na cika alkawarina."

Muka ce amin, ni da ita. Dukawan nan ma, da hulunansu da carbinsu, suka ce amin. Na so in ce mata na gode, kalmar ta maƙale, na yi ta fama da ita hawaye na zuba. Ba ta jira na gama ba. Ta sake ni, ta share fuska da bakin zane, ta juya wurin Baba.

"Malam, na yarda. Ba shi kayansa."